Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ya Wanke Hotunan Duniyar Wata a 1966?

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun da muka buga tsohon hoton nan baƙi da fari a fitowar da ta gabata, wanda ya nuna duniyarmu kamar jinjirin wata tana leƙowa ta bayan tsaunukan wata, wasiƙu suke ta shigowa. Na zaɓi huɗu. Ta farko za ta ci fili fiye da sauran, domin ta taɓo sana'ar da na tashi a cikinta.

TAMBAYA: Malam, ni mai hoto ne, shekarata 31 a wannan sana'a, tun zamanin fim. Kun ce a 1966 aka ɗauki hoton, kuma babu mutum a cikin kumbon. A lokacin babu kyamarar dijital, babu memori. To wa ya ciro fim ɗin, wa ya wanke, wa ya kawo shi gida? Daga mai hoto, Funtuwa.

AMSA: Ɗan'uwa, sannu da aiki. Amsar a taƙaice ita ce kumbon da kansa ya wanke fim ɗinsa a can sama, kuma fim ɗin bai taɓa dawowa gida ba. Amma mai sana'a irinka ba zai ƙoshi da wannan ba, don haka bari mu bi ta daki-daki.

Sunan kumbon Lunar Orbiter 1. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba shi daga Cape Kennedy a jihar Filorida ranar 10 ga Agusta 1966, ya shiga zagaya wata ranar 14 ga watan. Kamfanin Boeing ne ya ƙera shi, kamfanin Kodak, wanda ni da kai muka sha sayen fim ɗinsa mai rawayan kwali, shi ya haɗa kyamarar. Nauyinsa kimanin kilo 385, bai kai ƙaramar mota ba.

Dalilin aikensa kuwa, tun ranar 25 ga Mayu 1961 shugaba Kennedy ya yi alkawari a gaban majalisar ƙasarsa cewa za su kai mutum wata su dawo da shi kafin shekarun 1960 su ƙare. Alkawari ya fita, amma ba wanda ya san inda za a sa ƙafa. Madubin hangen nesa daga nan ƙasa yana nuna manyan ramuka da tsaunuka, sai dai dutsen da zai karya ƙafar kumbo, wanda bai fi girman bukka ba, ba ya ganinsa daga nisan kilomita 384,000. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Har akwai wani masani a jami'ar Cornell, Thomas Gold, da yake gargaɗin cewa filayen wata ƙura ce mai zurfi da kumbo zai iya nitsewa a ciki. An aika kumbon Ranger 7 a 1964, ya tafi ya faɗa wa wata kai tsaye yana turo hotuna sama da 4,300 kafin ya tarwatse, amma ƙaramin wuri kawai ya gani. Surveyor 1 ya sauka lafiya ranar 2 ga Yuni 1966, ya nuna ƙasar tana ɗaukar nauyi, shi ma iyakar ganinsa inda ya zauna. Abin da ya rage shi ne aikin jagaba a ayarin fatake, wanda zai wuce gaba ya dubo hanya ya zaɓo zango kafin madugu ya taso da mutane.

Yanzu ga wankin. Ina ɗan shekara goma sha uku aka kai ni shagon kawuna kusa da tashar jirgin ƙasa a Gusau, kuma har yau in na rufe ido ina jin warin maganin wanki. Ɗakin ɗan tsukuku ne a bayan shago, an toshe duk wata kafa da tsumma da baƙar leda. Fim a duhu ƙirin yake ciro shi, da lalube. Sai an zo bugawa a kati ake kunna jan ƙwai. Tasa uku ce a jere a kan benci, ta fito da hoto, ta ɗauraya, sai ta tsayar da shi. Ni ne mai riƙe agogo. Kawu yana kaɗa tasar a hankali, fuskar amarya tana fitowa daga farin kati kamar mai tasowa daga ƙarƙashin ruwa, idanu tukuna, sannan ɗankwali. Ka san duk wannan. Na kawo shi ne don ka ga matsalar da ta fuskanci mutanen Kodak: a cikin kumbon da ke zagaya wata ruwa ba ya zama a tasa, domin babu nauyin da zai zaunar da shi. Ka zuba, ya tashi ya dunƙule yana yawo.

Dabarar da suka yi ita ce suka jiƙa wani dogon zare mai faɗin fim da maganin da ya haɗa aikin tasa ta farko da ta ƙarshe, suka naɗe shi a nasa faifan. Sunansa Bimat. Idan kyamara ta ɗauki hoto, injin zai jawo fim ɗin ya manna shi da wannan zare mai danshi a kan wata ganga na 'yan mintoci, sannan ya raba su, fim ya bi ta kan wata ganga mai ɗumi ya bushe, ya naɗe. Ba ɗigon ruwa ko ɗaya da ke zuba. Duk wannan a cikin wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai iska a ciki, wadda ake daidaita zafinta. Fim ɗin mai faɗin milimita 70 ne, wato ninki biyu na 35 ɗin da muka saba da shi, kuma da gangan aka zaɓi mai jinkirin kama haske, saboda hasken nan mai ratsa jiki da ke sararin samaniya yana ƙona fim mai saurin kamawa tun kafin a yi amfani da shi. Asalin fasahar daga wani shirin tauraron leƙen asiri na sojan Amurka aka aro ta, mai suna SAMOS.

Kyamarar ido biyu gare ta, ɗaya mai milimita 80 da ke ɗaukar fili mai faɗi, ɗaya mai milimita 610 da ke jawo tsakiyar filin kusa. Suna ɗauka lokaci guda. Akwai kuma wata matsala da kai za ka fi kowa ganewa. Fim mai jinkiri yana son a daɗe da buɗe ido, ga shi kumbon in ya sauko ƙasa-ƙasa, kimanin kilomita 50 daga doron wata, gudunsa ya kusa kilomita 2 a daƙiƙa guda. Ka tuna abin da ke faruwa in ka ɗauki mahayi a hawan sallah doki na sukuwa. Sai suka sa wata na'ura tana auna yadda ƙasa ke gudu a ƙarƙashi, tana ɗan zame fim ɗin daidai da wannan gudu a lokacin da ido yake buɗe. A kumbo na farko wannan ɓangaren bai yi daidai ba, yawancin hotunan babban ido suka fito a shafe. An gyara a na biyu, har ya zamana ana iya gane abin da bai wuce mita 1 ba.

Wani abu da ya burge ni ƙwarai shi ne lokacin da suke zaɓa. Ba sa ɗauka rana na tsaka a can. Suna jiran wurin da rana ta fito ba da jimawa ba, inuwa ta yi tsawo. Kawu yakan ce hoton tsakar rana fuska ba ta da hanci. A wata ma haka ne, inuwa ce ke tona asirin rami da dutse, kuma daga tsawonta ake lissafa tsayin dutsen da zurfin ramin.

To fim ya wanku, yana can. Yaya za a gan shi a nan? Wani ɗigon haske, wanda ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, shi ke bin fim ɗin layi-layi. A ɗaya gefen akwai na'urar da ke auna yawan hasken da ya ratso. Inda fim ya yi baƙi haske kaɗan ne zai wuce, inda ya yi fari da yawa. Wannan hawa da sauka ake mayarwa saƙon rediyo a turo duniya. A nan ƙasa sai a juya aikin, saƙon ya koma ɗigon haske a kan allo, a ɗauke shi a sabon fim mai milimita 35. Ba a iya karanta hoton gaba ɗaya, sai a tsaga-tsaga, kowace tsaga faɗinta a jikin fim bai kai milimita 3 ba, kuma karanta ɗauka ɗaya takan ci fiye da minti 40. Daga nan ma'aikata su jera tsagogin gefe da gefe kamar yadda ake ɗinke ƙwaryar saƙi ta zama zane. Layukan da ka gani sun ratsa hoton da muka buga, waɗanda wasu suka rubuto suna cewa alamar haɗe-haɗe ce ta ƙarya, bakin ɗinkin ke nan.

Mu a shago in an sami kuskure akan ce wa mai hoto ya dawo gobe. Akwai ranar da wani yaro ya turo ƙofar ɗakin wanki kawu na tsakiyar ciro fim ɗin wani biki, haske ya shigo, fim ya ƙone, kawu ya kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Irin wannan ta kusa samun Lunar Orbiter 4 a Mayun 1967. Murfin da ke kare idon kyamara ya fara gardama, aka ji tsoron kada ya rufe ya ƙi buɗuwa, aka bar shi a buɗe. Haske ya riƙa satar shiga, sanyi kuma ya sa gilashin ya yi raɓa, hotuna suka fara fitowa da hazo. Daga nan duniya injiniyoyi suka riƙa karkata kumbon suna rufe murfin rabi-rabi har raɓar ta janye, aka sake ɗaukar wuraren da suka ɓaci. Duk lokacin da na karanta wannan labari sai na tuna fuskar kawu a ranar nan.

TAMBAYA: Malam, malaminmu ya ce Rasha ce ta riga Amurka zuwa wata, ku kuma kuna ta zancen kumbon Amurka. Wane ne gaskiya? Daga ɗalibar sakandare, Maraɗi.

AMSA: 'Yata, malaminku ya yi gaskiya, ki gaishe shi. Tarayyar Sobiyet, wadda Rasha ke cikinta a lokacin, ita ce ta fara ɗaukar hoton bayan wata, gefen da ba ya taɓa juyowa gare mu, da kumbon Luna 3 ranar 7 ga Oktoba 1959. Shi ma a cikinsa ya wanke fim ɗinsa, shekara bakwai kafin na Amurka, sai dai wucewa ya yi ta gefe kuma hotunan sun yi dishi-dishi. Su ne suka fara sauka lafiya da Luna 9 ranar 3 ga Fabrairu 1966, su ne kuma suka fara zagaya wata da Luna 10 a Afrilun wannan shekara, wata huɗu kafin Lunar Orbiter 1. Luna 10 bai tafi da kyamara ba. Luna 12 ne ya ɗauki hotuna daga zagaye a watan Oktoba.

Inda na Amurka suka yi fice shi ne yawa da kyan aiki. Kumbo biyar suka harba tsakanin Agustan 1966 da Agustan 1967, duka biyar suka isa suka turo hotuna. Uku na farko sun bi ta tsakiyar wata suna neman shimfiɗaɗɗen wurin sauka. Da aka samu abin da ake nema, sai aka sa na huɗu da na biyar suka bi ta kan arewa da kudu daga can sama, wata na juyawa a ƙarƙashinsu, har aka haɗa taswirar kashi 99 cikin 100 na doronsa. Filin da Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka ranar 20 ga Yuli 1969, wanda ake kira Tekun Natsuwa ko da yake babu ruwa a cikinsa, daga waɗannan hotuna aka zaɓe shi.

Ki kuma riƙe wannan, don ana yawan kuskure a kai: bayan wata ba duhu ne dawwamamme ba. Rana na haska shi kamar yadda take haska gaban. Ba ma ganinsa ne saboda lokacin da wata ke ɗauka ya juya a kan kansa daidai yake da wanda yake ɗauka ya zagaye mu, kwana 27 da 'yan awoyi.

TAMBAYA: Ɗana, ina saurayi akwai wata tashar Amurkawa a bayan garin Kano da ake cewa suna magana da masu zuwa sama. Ko ta nan hotunan watan suka sauko? Daga wani dattijo, Kano.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Tunaninka bai ɓata ba. NASA ta kafa tasha a Kano a farkon shekarun 1960 domin shirin Mercury, wanda ya fara kai 'yan sama jannatin Amurka zagaya duniya. Akwai irinta a Zanzibar. Lokacin da John Glenn ya zagaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairu 1962, tashar Kano na cikin waɗanda suka bi sawunsa. Wannan abin alfahari ne da yaranmu da yawa ba su sani ba, kuma na ji daɗi da ka tuno mana.

Sai dai hotunan wata ba ta Kano suka biyo ba. Kumbon Glenn bai wuce nisan kilomita 'yan ɗaruruwa a sama ba, yana ƙetare samaniyar gari cikin 'yan mintoci, shi ya sa aka buƙaci tashoshi da yawa a jere. Saƙon da ya taso daga wata kuwa kafin ya iso ya yi rauni ƙwarai, sai da faranti mai faɗin mita 26 ake kama shi. Uku aka yi amfani da su: Goldstone a hamadar Kalifoniya, ɗaya kusa da Madrid a Sifaniya, ɗaya a Woomera ta Ostireliya. An raba su a faɗin duniya ta yadda kafin wata ya faɗi a wannan ya fito a waccan.

Hoton da muka buga tashar Madrid ce ta karɓe shi, kuma ba ya cikin tsarin aikin tun farko. Kyamarar ƙasan wata aka nufe ta da kallo. Kafin ta ga duniya sai an juya kumbon gaba ɗaya, ana kuwa fargabar in ya juya ya kasa komawa daidai, aikin da aka aike shi ya lalace. Aka yi ta shawara tsakanin mutanen NASA na cibiyar Langley da na Boeing, daga ƙarshe aka amince. Ranar 23 ga Agusta 1966 aka ba shi umarni, ya juya ya ɗauka, ya koma bakin aikinsa lafiya. Wannan ne karo na farko da ɗan Adam ya ga gidansa daga wata. A ganina sun yi daidai da suka ɗauki wannan kasada, domin a cikin ɗaruruwan hotunan da kumbon ya turo, shi ne wanda har yau mutum ke gani ya yi shiru yana tasbihi.

Akwai wani dacen rana da zai yi maka daɗi, Baba. Shekara uku cif kafin nan, ranar 23 ga Agusta 1963, shugaba Kennedy ya yi magana ta waya da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron ɗan Adam mai suna Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwan Amurka da ke tsaye a tashar Legas. In kuma kana son ganin nahiyarmu, ka sa jikoki su nemo maka hoton da Lunar Orbiter 5 ya ɗauka ranar 8 ga Agusta 1967. Duniya ta kusa cika a cikinsa, gabashin Afirka da Bahar Maliya da ƙasar Larabawa sun fito sarai.

TAMBAYA: Har yanzu waɗannan kumbuna suna can suna zagaya wata? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Kumasi.

AMSA: 'Yar'uwa, babu ko ɗaya. Na farko da ya gama aiki, iskar da yake daidaita kansa da ita ta kusa ƙarewa, sai aka umarce shi ya faɗa bayan wata ranar 29 ga Oktoba 1966, don kada rediyonsa ya shiga wa na biyu da ke shirin tashi a Nuwamba. Haka aka yi wa na biyu da na uku a Oktoban 1967, na biyar kuma ranar 31 ga Janairu 1968. Na huɗu ya daina magana tun kafin a kai ga haka, ya faɗi da kansa.

Ko da an ƙyale su ma ba za su daɗe ba, kuma su ne suka tona dalili. Masu bin sawunsu sun lura kumbon yakan ƙara gudu kaɗan in ya zo saman wasu manyan filayen wata masu duhu, waɗanda kike gani da ido a daren sha huɗu. A 1968 masana biyu, Paul Muller da William Sjogren, suka nuna cewa a ƙarƙashin filayen akwai dunƙulen dutse mai nauyi fiye da na kewaye, yana fizgar duk abin da ya bi ta kansa. Wannan fizga tana karkata hanyar kumbo a hankali har wata rana ya daki ƙasa. Ba a aike su neman wannan ba, amma da ba a gano shi ba, da lissafin hanyar kumbon Apollo, wanda ya kai mutane wata, ya zo da kuskuren da zai iya taɓa rayukan mutane.

Fim ɗin duka ya tarwatse tare da su a can. Abin da ya rage a duniya shi ne faya-fayan tef da tashoshin nan uku suka naɗi saƙon a kai, kimanin 1,500, kowane kamar tayar ƙaramin keke. Bayan an gama Apollo ba wanda ya ƙara waiwayarsu. Wata ma'aikaciya a cibiyar JPL ta NASA, Nancy Evans, ita ta hana a zubar da su, ta kuma nemo tsofaffin injunan Ampex masu karanta su, kowane kamar firiji, ta ajiye a gidanta shekara da shekaru tana neman wanda zai ba da kuɗin gyara. Sai a 2008 Dennis Wingo da Keith Cowing suka kwashe injunan da faya-fayan zuwa wani tsohon gidan abinci na McDonald's da aka rufe a harabar cibiyar Ames ta NASA a Kalifoniya. Suka nemo tsofaffin ma'aikatan da suka san injin, suka ciri kayan wannan suka gyara wancan, har ɗaya ya tashi. A watan Nuwamba na shekarar suka fitar da hoton duniya na 23 ga Agusta 1966 kai tsaye daga tef zuwa kwamfuta, ya fito da tsabtar da mutanen 1966 ba su taɓa gani ba, domin su kwafin kwafi suka gani.

Wanda muka buga muku tsohon ne mai layi-layi. Editanmu ya yi alkawarin ba mu shafi guda a fitowa ta gaba mu jera shi da sabon gefe da gefe. Ɗan'uwana na Funtuwa, in ta iso hannunka ka dubi ƙananan ramukan da ke gefen watan a duka biyun, ka rubuto mini abin da idon mai sana'a ya gani.